Hukuncin Kuɗin Goro

A ranar 19 ga Fabrairun 1942, wata biyu bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, Shugaba Roosevelt na Amurka ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9066. Da shi aka kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan daga gaɓar yammacin ƙasar, aka tsare su a sansanoni 10. Kashi biyu cikin ukunsu haifaffun Amurka ne. Ba a gurfanar da su gaban alƙali ba, gonakinsu da shagunansu kuwa suka salwanta. A 1944 Kotun Ƙoli ta halasta korar a shari'ar Korematsu.

A 1983 kwamitin da majalisa ta kafa ya gano cewa ba larurar tsaro ce ta jawo tsarewar ba, ƙyamar jinsi ce da ruɗanin yaƙi da gazawar shugabanni. A 1988 gwamnatin Reagan ta nemi gafara, ta ware wa kowane mai rai dala 20,000. Dubbai sun riga sun kwanta dama.

Bahaushe ma ya ɗanɗani wannan ɗaci. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, korar ta haɗa har da waɗanda aka yanke wa cibi a zangon Kumasi.

Abin takaici, irin wannan hukunci na neman gindin zama a ƙasar Maska. Babu mai musun ta'asar 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume: sun kashe manoma, sun hana noma, sun karɓe kuɗin fansa. Amma idan aka ɗora laifinsu a kan kowane Bafillace, har mai tallan nono ta ji tsoron shiga kasuwar Funtuwa, an bar ɓarawo an kama mai kama da shi. Makiyayin da aka sace wa shanu, sannan 'yan sa-kai suka ƙone masa ruga, an zalunce shi sau biyu, an kuma toshe bakin da ya fi kowa sanin hanyoyin daji.

Masu cewa halin yaƙi ake ciki su sani, hujjar da Amurka ta kafa ke nan, ta kuma shekara 46 kafin ta lashe amanta. Mai laifi suna gare shi. A kama shi da sunansa, a kai shi kotu, a ƙyale danginsa.