Daga Bakin Allo: Ƙasar da Ba Ta Cikin Taswira

A wannan wata filin namu zai taɓo wani wasa da ya fito daga Amurka, wanda wasu 'ya'yanmu na sakandare suka fara ɗauka, iyaye kuma suka fara tambayarmu, mu malaman makaranta, ko yana da illa. Sunansa Dungeons & Dragons, kuma wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fitar da shi a 1974. Ba a sa kuɗi a cikinsa, saboda haka ba caca ba ne. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur da takarda da fensir. Ɗaya shi ne jagora mai ba da labari, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da jarumin nasa zai yi. In an zo inda ba a san ko abu zai yiwu ba, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, wadda aka fi jefawa kuwa fuska ashirin gare ta. Wato dai tatsuniya ce da masu saurare suke da bakin magana a ciki.

Aikin jagora ne ya ƙago ƙasar da labarin zai faru, da garuruwanta da kasuwanninta da masu mulkinta. To inda gizo ke saƙar shi ne in ya ce ƙasar tasa addini ne ke mulkin ta. Wane addini? Yaro mai gaggawa sai ya ɗauko na maƙwabcinsa, ko ma nasa, ya sauya masa suna, ya mai da malamansa miyagun labari. A zango kuwa, inda Musulmi da Kirista suke zaune benci ɗaya a aji, wannan na iya raba abokai.

Su kansu masu sana'ar sun sha yin tuntuɓe a nan. A 1980 kamfanin TSR ya buga littafin Deities & Demigods, inda ya jera abubuwan bautar al'ummomi daban-daban, har da na Hindu da miliyoyin mutane ke bauta wa a yau, ya ba kowanne lambar ƙarfi kamar dodon da za a yi kokawa da shi. A shekarun 1980 kuma wasu iyaye da masu wa'azi a Amurka suka yi ca a kan wasan, wai yana koya wa yara bautar Shaiɗan, har kamfanin ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugun 1989. Sai kuma Al-Qadim na 1992, wanda aka gina a kan labaran Dare Dubu da Ɗaya: akwai halifa, akwai masallatai, amma abin bauta barkatai. An ari riga da rawani an bar aƙida a waje. A ganinmu wannan ba ƙagowa ba ne, aro ne ba da izinin mai kaya ba.

Wanda muke ganin ya yi abin a zo a gani shi ne Keith Baker, mai duniyar Eberron. A 2002 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya sa gasar ƙago sabuwar duniya, aka aiko da tsare-tsare kusan 11,000, nasa ya ci, aka buga shi a 2004. A cikin wannan duniya akwai wata ƙasa mai suna Thrane, wadda mutanenta ke bin addinin Wutar Azurfa. Asalinsa, wata jaruma ce, Tira Miron, ta ba da ranta don a ɗaure wani mugun aljani a cikin wata wuta da ba ta mutuwa, wutar kuma tana nan tana ci a babban birninsu. Bayan ɗaruruwan shekaru, ana tsakiyar wani dogon yaƙi, sarki ya rasu, jama'a suka ƙi magajinsa, suka miƙa mulki ga shugaban addini da ake kira Mai Tsaron Wuta. Ku lura, ba daga sama malaman suka faɗo kan karaga ba. Mutanen da yaƙi ya gajiyar ne suka ɗora su.

A lokacin da labarin ya fara, Mai Tsaron Wuta yarinya ce 'yar shekara 11, Jaela Daran. A cikin ɗakin ibadar tana da baiwar da ta fi ta kowa, amma da ta fita gari sai ƙarfin ya ragu. Yarinyar kirki ce, sai dai harkar mulki ta yau da kullum tana hannun majalisar manyan malamai, musamman wani mai suna Krozen da ba ya ƙyamar hanyar da za ta kai shi ga biyan bukata. Sarauniyar tsohon gidan sarauta kuma tana nan, tana da suna ba ta da iko. Bugu da ƙari, addinin yana da tabo a tarihinsa: sun taɓa yaƙar masu rikiɗa su koma namun daji, barazanar kuwa gaskiya ce, amma a garin haka aka hallaka bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Abin da ya fi burge mu shi ne, aljanin nan da aka ɗaure yana cikin wutar har yanzu, yana raɗa. Saboda haka duk wanda ya ce ya ji murya daga wutar, dole a tambaya: muryar wa ya ji? Jagora zai iya shekara yana ba da labari a kan wannan tambaya kaɗai, ba tare da ya zagi masallacin kowa ko cocin kowa ba.

To, ga ɗalibin da yake son ya gina tasa, shawararmu kada ya fara da sunan abin bauta ko launin tuta. Ya fara da abin da mutanen suka ji tsoro. Alal misali, a ce wata ƙasa ce da fari da fara suka cinye shekara uku a jere, waɗanda suka tsira kuwa su ne suka haɗa ɗan hatsinsu a rumbu ɗaya suna awo da mudu ɗaya. Jikokinsu sai suka tsarkake mudun. Babban zunubi a wurinsu shi ne tauye awo da cin abinci a ɓoye. Ba a ɗaura aure sai an auna, ba a binne mamaci sai an mayar da rabonsa rumbu. Malamansu su ne masu riƙe da makullin rumbuna, kuma tunda mai makulli shi ke da cikin kowa, da sannu suka zama alƙalai, suka zama masu karɓar haraji, sarki ya koma ɗan kallo. Ba mu ari komai daga wani addini mai rai ba, amma ga ƙasa ta tsaya da ƙafafunta.

Daga nan sai a nemi inda mabiyan suka saɓa, domin ƙasar da kowa bakinsa ɗaya ba ta da labari. A ce bana damina ta yi gardama, ga kuma baƙi dubu sun gudo daga yaƙi sun tsaya a bakin ganuwa. Wasu malamai su ce mudu na waɗanda kakanninsu suka zuba ne. Wasu su ce a'a, yunwa ce ta kafa addinin, ita kuwa ba ta tambayar asali. Dukansu masu imani ne, dukansu suna da hujja. Mazauna zango ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan baƙo da rabonsa. A nan jagora zai saki jaruman a bakin ƙofa, ya ba ɗayansu makulli, ya yi shiru ya ga abin da za su yi.

Ku iyaye kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ku karɓi littafin da yaron yake rubuta ƙasarsa ku karanta, ko ku zauna ku saurari zama ɗaya. In kun ga sunan wani annabi, ko aya, ko wata ibada da ake yi a unguwa an sa ta a bakin matsafi, ku sa a cire nan take. In kuwa taswira kuka tarar da lissafin buhunan hatsi da muhawarar wa ya cancanci rabo, to abin da muke fama a koya musu ke nan a darasin tarihi da insha'i, sai dai a wannan karon ba mu muka ba da aikin gida ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.