Ba tsoron lissafi kaɗai ke korar ƴaƴanmu daga kimiyya ba

Duk inda aka taru ana maganar ƙarancin ɗalibai a seri C, bakin kowa ɗaya ne: yaran yanzu raggaye ne, tsoron lissafi suke yi. Ni ma na daɗe ina faɗin haka, har ranar da wani tsohon ɗalibina, yaron da ban taɓa ganin mai kai irin nasa a lissafi ba, ya shaida mini cewa ya ajiye karatu ya bi kawunsa harkar sufuri. Da na fara yi masa faɗa sai ya ce: “Mushe, nawa ake biyan malamin fizik a wata?” Na rasa ta cewa. Yaron lissafi ya yi, kuma bai yi kure ba.

Kada a ɗauka matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. A Amurka, mai son zama masanin kimiyya yakan yi shekara 4 a jami'a, ya ƙara 5 ko 6 yana neman digirin dakta da ɗan alawus, sa'an nan ya shafe wasu shekaru yana bincike na wucin gadi ƙarƙashin wani farfesa. A 2024, abin da hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, ta yanka wa sabon dakta mai irin wannan aiki shi ne dalar Amurka 61,008 a shekara. A kunnenmu kuɗi ne masu yawa, amma a can abokin karatunsa da ya shiga kamfanin kwamfuta tun yana ɗan shekara 22 yakan fara da fiye da haka. Ga bashin karatu, ga tsadar haya. Kan batun albashi ne ma'aikatan koyarwa da bincike kusan 48,000 na Jami'ar Kalifoniya suka yi yajin aiki a ƙarshen 2022.

To, wa ke cike gurbin? Baƙi. Fiye da rabin masu wannan bincike na wucin gadi ƴan ƙasashen waje ne, kuma Sin da Indiya ke kan gaba. Albashin da ɗan ƙasa ya raina, a wajen baƙo ya ninka na gida, ga kuma fatan samun takardar zama. Bizar ƙwararru da ake kira H-1B tana da iyaka ga kamfanoni, 85,000 a shekara, amma jami'o'i ba su cikin wannan iyaka. Tun da ba a rasa mai karɓa ba, babu abin da zai tilasta ƙarin albashi, ɗan ƙasa kuma sai ya daɗa nisa. Laifin ba na baƙon ba ne, shi halalinsa yake nema. Laifin na wanda ya yanka farashin ne.

Mu a Nijar abin ya shafe mu ta fuska biyu. Da yawa daga cikin tsararrakina, malamai ƴan Benin da Togo ne suka koya mana lissafi a kwaleji da lise, Allah ya saka masu da alheri. Yau kuma azuzuwa da dama suna hannun ƴan kwantaragi, masu jiran ɗan abin da ba ya kai su ƙarshen wata. Ta ɗaya fuskar, haziƙanmu da suka jure har suka ƙware, su ne baƙin da ke cike guraben Faransa da Kanada da Amurka. Mu yi shuka, wani ya girbe.

Muna alfahari da Abdu Mumuni Jofo, haifaffen Tasawa, masanin fizik da ya jagoranci binciken makamashin rana a ƙasar nan, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Amma ƙasa ba ta dogara ga sadaukarwar mutum ɗaya. Yaro yana kallon malaminsa kullum: takalminsa, babur ɗinsa, bashin da ke kansa wajen mai shago. Abin da ya gani ya fi duk wata nasiha da za mu yi masa ƙarfi.

Don haka ina ganin abu uku sun kamata. A ware alawus na musamman ga malaman lissafi da fizik, musamman waɗanda aka tura karkara. A riƙa biyan ƴan kwantaragi kan lokaci, kuma a sa ranar da za a ɗauke su aikin dindindin. Ku kuma iyaye, idan kun zauna taron ƙungiyarku, bayan maganar tebura da alli, ku tambaya: wa ke koya wa ƴaƴanmu lissafi, kuma da me yake ciyar da iyalinsa? Ranar da malamin fizik ya iya faɗin albashinsa gaban ɗalibansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, seri C za ta cika.