Ba Olsa Ce Ta Dawo Ba, Tumbi Ne Ke Ramuwa

Daga Rano zuwa Rurum, daga Kibiya zuwa ƙauyukanta, da wuya ka shiga kemis ba ka tarar da omeprazole a jere ba. Duk wanda ya dafe ƙirji ya ce yana jin zafi, kafin ya rufe baki an ce masa olsa ce, an miƙo masa kati. Ya sha ya ji sauƙi, ya daina, bayan 'yan kwanaki zafin ya taso fiye da na da, sai ya koma. A haka ake samun magidancin da ya shekara uku yana haɗiyar wannan kafso kullum, alhali babu likitan da ya taɓa duba shi. Wannan ɗabi'a ɓarna ce, kuma abin da ke raya ta shi ne rashin sanin yadda tumbi ke mayar da martani idan an danne shi.

A bangon tumbi akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne samar da ruwan asid mai narkar da abinci. A fatar kowace ƙwaya akwai ƙananan famfuna masu tura sinadarin haidirojin cikin tumbi, suna karɓar fotasiyam a madadinsa. Omeprazole, wanda kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fitar kasuwa a 1988, yana manne wa famfon ne ya kashe shi. Maganin kansa ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan sa'o'i ya fice, amma famfon da ya kama ya tashi daga aiki.

To, ƙwayar halitta ba ta naɗe hannu. Tana da famfunan da ta ɓoye a cikinta, waɗanda ba ta fito da su sai an ci abinci, kuma maganin ba ya kama famfon da ke barci. Dalilin da ya sa ake cewa a sha shi rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin karin kumallo ke nan. Mai haɗiyarsa da tsakar dare da ciki wayam ya yi asarar wani kaso na amfaninsa. Bayan haka tana ƙera sababbin famfuna dare da rana, ta yadda idan an daina shan magani, asid kan koma yadda yake cikin kwana uku zuwa biyar.

Matsalar tana farawa ne idan an yi makonni ana dannewa. Jiki yakan lura cewa asid ya yi ƙaranci, sai ya ƙara sakin wani sinadari mai suna gastirin, wanda shi ne ke umartar tumbi ya yi asid. Gastirin ya yi ta kira, ƙwayoyin da ke isar da saƙonsa su yawaita, tumbi ya ƙara ƙarfin samar da asid, amma magani ya tare ƙofa. Manoman rani da ke shan ruwan Tiga sun san abin da ke faruwa idan aka toshe magudana ruwa ya taru, sannan aka cire toshiyar farat ɗaya. Haka asid ke ɓarkowa bayan an daina, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya lafa.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne. A 2009 masu bincike a ƙasar Denmak suka ɗauki mutum 120 masu ƙoshin lafiya. Rabinsu aka ba su esomeprazole, ɗan'uwan omeprazole, na tsawon mako takwas, sauran aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. Da aka janye maganin, kashi 44 cikin ɗari na waɗanda suka sha suka fara jin ƙwannafi ko ɓacin ciki, a ɗaya rukunin kuwa kashi 15 ne kacal. Mutanen da ba su da ciwo, janye magani ya haifar musu da alamun ciwo. Saboda haka mai kemis ɗin da ke ce wa abokin cinikinsa "ka gani, olsarka ce ta dawo" yana faɗin abin da ba shi da hujja a kansa, kuma shi ne mai cin ribar kuskuren.

Za a ce asibiti da nisa, da layi, da kuɗin gwaji, kati kuwa ga shi a bakin ƙofa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya isa ya raina wannan uzuri. Amma a lissafa kuɗin kati na shekara uku a gani. Sannan gyambon ciki na gaske yawanci abu biyu ke kawo shi. Na farko ƙwayar cutar H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka sami kyautar Nobel a 2005 saboda gano ta. Ana gano ta da gwajin bahaya ko na numfashi, ana kashe ta da haɗin magunguna na kimanin kwana 14. Omeprazole shi kaɗai ba ya kawar da ita, har ma yakan ɓoye ta a gwaji, shi ya sa likita kan ce a dakata da shi mako biyu kafin a gwada. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake ƙulla wa manomi a leda da sunan maganin gajiya. Sau da yawa hannun da ya sayar da mai ƙona tumbin shi ne ke sayar da mai kwantar da shi.

Mafi muni shi ne abin da maganin ke rufewa. Ciwon dajin tumbi kan fara da irin wannan zafi. Wanda ya ga baƙin bahaya kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko yake rama ba dalili, ko abinci ke tsaya masa a maƙogwaro, ba kemis zai nufa ba. Ya je Babban Asibitin Rano, idan ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a leƙa tumbin da na'ura. Doguwar sha kuma tana iya rage maganiziyam da bitamin B12 a jiki, ta ƙara haɗarin karaya ga tsofaffi.

Kada mai karatu ya jefar da katinsa yau. Akwai waɗanda likita ya ɗora a kan maganin da dalili, kamar wanda gyambonsa ya taɓa zubar da jini, ko wanda dole yake shan asfirin saboda zuciya; waɗannan kada su daina sai da izininsa. Wanda kuwa ya ɗora wa kansa, ya nemi likita su tsara janyewa sannu a hankali: a rage yawan abin da ake sha, ko a koma shan sa yau a tsallake gobe, a riƙe maganin ruwa mai kashe kaifin asid don ranar da ƙwannafi ya taso. Zafin makonnin farko yakan wuce da kansa. Idan ya haura wata guda bai lafa ba, ko ɗaya daga cikin alamun can ta bayyana, lokacin gwaji ya yi.