Ra'ayinmu: Wace Ƙwallon Golf Ta Dace da Sabon Shiga?

Wasan golf ba baƙo ba ne a ƙasar Kano, domin tun 1908 aka kafa kulob ɗinsa. Amma ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci daga Wudil ko Ɗankaza da ya yi sha'awarsa, ba ya rasa mai ce masa ya sayi ƙwallon da zakarun duniya ke bugawa. Mu ba mu yarda da wannan shawara ba.

A doka, ƙwallo ba ta wuce giram 45.93 a nauyi, faɗinta kuma ba ya gaza milimita 42.67. Bambancin yana ciki. Irin su Pro V1, wadda kamfanin Titleist ya fitar a 2000, suna da rufi uku ko fiye, da ɓawo mai laushi na yuritan. Laushin nan ke sa ƙwallon ta yi juyi ƙwarai a gajeren bugu, ta tsaya kusa da rami, in dai hannun gwani ne ya buga. Mai rufi biyu kuwa, watau curin roba da ɓawon Surlyn mai tauri, juyinta kaɗan ne, saboda haka karkataccen bugu ba ya kai ta nesa cikin ciyawa, kuma ba ta saurin ƙujewa a ƙasarmu mai tauri da rani.

To, sabon shiga ɓatar da ƙwallo yake yi, wani lokaci uku ko huɗu kafin la'asar, alhali kuwa kuɗin alawus ne ko na cefane. Ya sayi mai rufi biyu, ko da ta hannu ce, ragowar kuɗin ya biya mai koyarwa.