Wa Ya Ce Akokan Ta Ƙoshi?

Daga Maraɗi har Damagaram akwai maganar da ta zauna a bakin mutane tun shekarun 1970: wai mutanen garuruwan yuraniyom sun haye. In aka ce wane yana Arlit ko Akokan, dangi sai su soma lissafin abin da zai aiko na salla. Da maganar ta tsaya a majalisar shayi da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya dame ni shi ne ta shiga ma'aikatun Yamai da ofisoshin ƙungiyoyin agaji, inda ake raba kuɗin makarantu da asibitoci da rijiyoyi, kuma a can tana da takardar shaida. Binciken rayuwar iyalai da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta yi a 2014 ya nuna kusan mutum ɗaya ne cikin goma yake ƙarƙashin layin talauci a jihar Agadez, alhali a Maraɗi abin ya kai wajen biyu cikin uku. Duk mai riƙe da wannan takarda zai ce arewa ta ƙoshi, a juya kudu.

Ba na musun talaucin Maraɗi, wanda ya taɓa shiga ƙauyukanta lokacin bazara ba zai musa ba. Abin da nake musu shi ne a ɗauki lamba ɗaya a rufe da ita jihar da ta fi rabin faɗin ƙasar. Wannan bincike jiha-jiha yake bayar da sakamako, ba gari-gari ba. Cikin lambar nan guda an haɗa injiniyan kamfanin yuraniyom na Somair da mai kiwon raƙuma a Ingal, an haɗa mai lambun albasa a Tabelot da mai haƙar gishiri a Bilma, an haɗa babban ɗan kasuwar Agadez da matar da ke soya ƙosai a bakin titin Akokan. Abin da ke shiga aljihun mutane a waɗannan garuruwa ya bambanta a yawa, ya kuma bambanta a tushe, kuma tushen ne ya fi muhimmanci.

A ɗauki misali na lissafi kawai. Magidanta goma a layi ɗaya: guda yana karɓar albashin jaka 500 na sefa, tara kowa yana fafutukar jaka 30 a wata. In an tara an raba, kowa ya tashi da jaka 77, kusan ninki biyu na mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta tsayar a kan jaka 42 tun farkon 2024. A takarda layin nan masu hali ne. A zahiri mutum tara cikin goma ko mafi ƙarancin albashi ba su kai ba. Garin ma'adinai kuwa haka ginin sa yake tun asali, don haka matsakaicin lissafi ya fi ɓatar da mutum a nan fiye da ko'ina.

Akokan gari ne da kamfani ya haifa. An kafa Cominak a 1974, ta soma fitar da yuraniyom daga ramin Akuta a 1978, ta gina wa ma'aikatanta gidaje 'yan kilomitoci daga Arlit, inda Somair take haƙa tun 1971. A zamanin nan, cikin unguwar kamfani akwai gidajen siminti a jere, na manya daban, na leburori daban, ruwa da wutar lantarki a kan kamfani, ga asibiti, ga kantin ma'aikata. Daga nan ne sunan "ƙaramar Faris" ya fito wa Arlit. Amma a tsallaka iyakar unguwar a ga inda akasarin jama'a suke: gidajen laka da rumfunan da aka haɗa da buɗaɗɗun duro da ragowar ƙarafa, mata da yara da jarkoki a layin famfo, ɗan ga-ruwa yana tura kura cikin yashi, 'yan kabu-kabu suna jiran fasinja a inuwar bango. Waɗannan su ne waɗanda fari ya koro daga daji a 1973 da 1984, da 'yan ci-rani daga kudu da suka zo neman aikin da bai samu ba. Albashin kamfani yana gilma musu ne kawai, ta hannun mai ɗinki, mahauci, mai wanki da yarinyar aiki.

Ko shi mai albashin, jakarsa ba ta yi nauyin jakar Maraɗi ba. Arlit tana nesa da Yamai fiye da kilomita 1,000. Tiyar hatsi, buhun shinkafa, siminti, duk sai mota ta ɗauko su daga kudu ko daga iyakar Aljeriya. Hanyar Tawa zuwa Agadez zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa don jigilar yuraniyom, ta lalace har direbobi sukan bar kwalta su bi gefe cikin rairayi. A yarjejeniyar watan Mayun 2014 Areva, uwar kamfanin Somair da Cominak ta Faransa, ta yi alƙawarin yuro miliyan 90 don gyaranta, amma shekaru bayan haka matafiya ba su daina kuka da ita ba. Kowane rami a hanyar nan talakan Akokan ne ke biyan sa a kan kuɗin cefane. Kuma babu gona a bayan gari da mutum zai jingina da ita in wata ya yi nisa.

Sai ranar 31 ga Maris, 2021, Cominak ta rufe, bayan ta fitar da wajen tan 75,000 na yuraniyom. Ma'aikatan kamfanin kusan 600 suka rasa aiki, da wasu ɗaruruwa da ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila. Na farkon sun samu kuɗin sallama mai ɗan kauri, na biyun kuwa, waɗanda suka shiga rami ɗaya suka shaƙi ƙura ɗaya, abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. A nan ne hujjar masu cewa Akokan ta ƙoshi ta rushe gaba ɗaya. Da yawa cikin masu albashin dama ba 'yan garin ba ne. Suna aiki a Akokan, suna gini a Yamai, Tawa ko Damagaram. Da aka sallame su suka ɗaure kaya suka tafi da kuɗinsu. Wanda ya rage shi ne mai shagon da ya rasa masu saye. Zanen aro ba ya rufe katara. Shekara 43 ana haƙa, ba a bar wa garin wata masana'anta ko sana'a da za ta tsaya da ƙafarta ba.

An dai bar masa wani abu. Wajen tan miliyan 20 na dusar ma'adini mai tururin guba suna jibge a gefen gari, an soma aikin rufe su da yumɓu da duwatsu. A watan Nuwamban 2009 masu binciken Greenpeace, tare da ɗakin gwaje-gwajen CRIIRAD na Faransa, sun auna wasu wurare a titunan Akokan suka tarar da tururin ya kusan ninka na al'ada sau 500, kuma huɗu cikin samfuran ruwa biyar da suka ɗiba a yankin sun wuce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Almustafa Alhasan da ƙungiyarsa Aghir In'Man sun daɗe suna faɗar haka, har da batun ƙarafan ma'adinai da ke ƙarewa a kasuwa a ƙera tukwane da ƙofofi. Amina Weira, 'yar tsohon ma'aikacin haƙa, ta nuna wannan rayuwa a fim ɗinta na 2016. Wane lissafin kuɗin shiga ne yake cire kuɗin jinya daga albashi? Wane ne yake cire darajar gidan da ba mai son saya?

Sauran garuruwan jihar ma labarinsu ke nan, da ɗan bambanci. Cirozerin tana rayuwa ne da kwal ɗin Sonichar, wanda manyan masu sayen wutarsa su ne kamfanonin yuraniyom. In Arlit ta tsaya, ita ma ta ji a jikinta. Ma'adinan Azelik kusa da Ingal, na Sinawa, bai daɗe ba ya dakata. Agadez ta ci kuɗin 'yan yawon buɗe ido har tawayen 2007 da sace-sacen baƙi suka kore su, ta koma jigilar masu ƙaura har dokar 2015 ta haramta, kafin a soke ta a Nuwamban 2023. Zinariyar Jado ta ɓullo a 2014, aka rufe wurin a 2017. In mai bincike ya zo a shekarar da abu ke tashe, zai rubuta wadata. In ya dawo bayan shekara uku zai tarar da wani gari dabam. Irin su masu lambunan Timiya da Tabelot ne za a ce abin da suke samu daga ƙasarsu da guminsu yake fitowa, ko da bai kai albashin kamfani ba.

Yanzu kuma wata sabuwar fata ta shigo. Gwamnati ta karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga Orano, wato Areva ta da, a Yunin 2024, ta mayar da Somair mallakar ƙasa a Yunin 2025, mutane da yawa suka ce shi ke nan, arziki ya dawo gida. Ina goyon bayan Nijar ta mallaki abin da ke ƙarƙashin ƙasarta. Amma gida ina? In kuɗin ya daina tafiya Faris ya koma tafiya Yamai, ɗan ga-ruwan Akokan bai ga canji ba. Tun 2006 dokar ma'adinai ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake karɓa daga haƙa su koma ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙa, kuma magadan gari sun sha kukan cewa kason yana makara, bashi yana taruwa. Wannan ba laifin wani Bafaranshe ba ne, tsakaninmu ne.

Don haka abin da nake nema daga INS shi ne ta auna Arlit, Akokan, Cirozerin, Ingal da Agadez kowanne da kansa, ta raba unguwar kamfani da bayan unguwa, ta kuma faɗa mana abin da magidancin da ke tsakiyar layi yake samu, ba abin da raba-daidai ya bayar ba. Ma'aikatar kuɗi kuma ta buga, shekara-shekara tun daga 2006, nawa ne kashi 15 ɗin nan, nawa aka biya kowace ƙaramar hukuma, nawa ya rage bashi, a manna takardar a ƙofar ofishin magajin garin Arlit inda kowa zai karanta.