Kuɗin Gida a Ƙasar Wani: Lissafin da Ya Kamata a Koya Tun a Aji

Sanin kowa ne cewa ƙasar Rano da Kibiya ƙasar noma ce. Uban da ke Fammar wanda ɗansa ke karatu a Maraɗi ko Alƙahira ko Indiya, daga rumbu yake fitar da abin da zai aika masa: buhun masara ne ko na gyaɗa ake kaiwa kasuwa, wani lokaci ma har da bijimin huɗa. To, amma kuɗin nan ba ya isa hannun yaro yadda ya bar gida. A hanya ake gutsurarsa, kaɗan a nan kaɗan a can, har ya zamana cikin buhu ashirin da aka sayar ɗaya ko fiye ya salwanta ba wanda ya ga fitarsa. Mafi yawan wannan asara ana iya kauce mata, kuma lissafin da ake bukata bai fi ƙarfin ɗan ƙaramar sakandare ba. Saboda haka ya cancanci a koyar da shi a aji.

Tsohuwar matsala

Matsalar ba yau ta fara ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a shekarar 1851, bashi ne ya yi masa katutu, domin kuɗinsa na can nesa, ga hamada a tsakani. Ya rubuta cewa a lokacin wuri 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa guda. Ke nan keso guda mai wuri 20,000, da duk nauyinsa, bai wuce dala takwas ba. Wanda ya ce zai yi doguwar tafiya da irin wannan kuɗi, ladan ɗauka kaɗai zai cinye masa rabo mai yawa. Shi ya sa fataken Gwanja suka fi tafiya da kanwa da tufafi da fatu, su sayar a can su sari goro, suna dogaro da amanar maigidan da ke saukar da su. Malaman fiƙihu kuwa tuni suka ware babi a kan hawala, wato mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani.

Yadda kuɗi ke ƙetare iyaka

Wannan tsohuwar dabara ita ce har yau ake aiki da ita. Idan uba ya zuba Naira a banki a Kano domin ɗansa ya karɓa a Alƙahira, takardun Nairar ba su zuwa ko'ina. Bankinsa yana da ajiyar dala a wani babban banki, galibi a New York ko Landan. Saƙo kawai yake turawa, yawanci ta kafar SWIFT wadda aka kafa a Beljiyam a 1973, cewa a rage kaza daga ajiyarsa a ƙara wa bankin Masar. Ɗan canji na Wapa a Fagge shi ma haka yake yi: ya karɓi Naira a nan, ya buga wa abokin hulɗarsa waya ya biya a can, daga baya su daidaita lissafi. Bayani ne ke tafiya, kuma tura bayani a zamanin intanet ba shi da wata tsada. Tsadar tana fitowa ne daga hannuwan da saƙon ke bi, domin kowane hannu sai ya ɗauki ladansa.

Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa a 2023 tura dala 200 zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali matsakaicin duniya ya ɗan haura kashi 6. Manufar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gaba a 2015 ita ce a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Kafofi huɗu da kuɗi ke zurarewa

Kafa ta farko ita ce ratar canji, kuma ta fi kowacce ɓuya. Alal misali, a ɗauka yaro na bukatar dala 200 a wata, farashin dala a kasuwa kuma Naira 1,500 ne. Ainihin darajar saƙon Naira 300,000 ke nan. Mai aikawa na farko ya ce ba ya karɓar lada, amma dalarsa Naira 1,590 ce. Uba zai biya Naira 318,000. Na biyu yana karɓar ladan Naira 6,000, dalarsa kuma Naira 1,515. Jimla Naira 309,000. Wanda ya ce kyauta yake yi ya ci kashi 6 cikin ɗari, mai karɓar lada ya ci kashi 3. Bambancin Naira 9,000 a wata zai zama Naira 108,000 a shekara, ya zama Naira 432,000 a shekara huɗu na digiri. Da yayyafi kogi kan cika.

Kafa ta biyu ita ce tsayayyen lada, wanda ba ruwansa da yawan kuɗi. A ɗauka na'urar cire kuɗi ta ATM a can tana cajin dala 4 duk cirewa. Ɗalibin da ya ciri dala 20 sau goma ya biya dala 40, wato kashi 20 cikin ɗari na dala 200. Wanda ya ciri dala 100 sau biyu, dala 8 ya biya, wato kashi 4 kacal.

Kafa ta uku ita ce yawan canji. Idan kowane canji na cin kashi 3, to Naira 100 za ta koma darajar 97 a karo na farko, ta koma 94 da ɗan ɗori a karo na biyu, domin 0.97 sau 0.97 ya ba da 0.9409. Ɗalibin da ke Maraɗi sefa yake kashewa. Babu dalilin da zai sa a saya masa dala sannan ya sake mayar da ita sefa. Haka nan idan na'ura a ƙasar waje ta tambayi mai kati da wane kuɗi za a caje shi, kuɗin ƙasar da yake ciki ya kamata ya zaɓa, domin canjin da na'urar ke tayawa yakan fi tsada. Akwai ma tarkon harshe: a kasuwannin Nijar dala na nufin sefa 5 ne, jaka kuwa sefa 1,000.

Kafa ta huɗu, wadda ta fi muni, ita ce lokaci. A watan Mayu na 2023 farashin hukuma bai wuce kimanin Naira 460 a dala ba. A watan Yuni na shekarar Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji ya bar Naira ta nemi matsayinta, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 kuwa dala ta haura Naira 1,500. Kuɗin makaranta na dala 3,000 da ake biya da Naira 1,380,000 ya koma Naira 4,500,000. A 2024 an ba da rahoton ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila da aka dakatar da karatunsu, aka ce su bar ƙasar, saboda ajiyarsu ta Naira ta kasa biyan kuɗin makaranta. Darasin a fili yake: wanda bashinsa na dala ne ajiyarsa kuma ta Naira, caca yake yi ko da bai yi niyya ba.

Banki ko ɗan canji?

Wasu za su ce duk wannan lissafi na 'yan boko ne, ɗan canji ya fi sauri kuma ya fi sauƙi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Kafin 2023 masu neman dalar makaranta ta takardar Form A sukan yi watanni suna jira. Wajen ƙarshen 2022 bankuna da dama suka dakatar da amfani da katin Naira a ƙasashen waje, sai a Yulin 2025 wasu suka dawo da shi bisa iyaka. A tsakanin nan 'yan canji ne suka ciyar da yara da yawa, ba kuwa a manta alheri.

Sai dai amana ba ta da rasit. Jami'a da ofishin jakadanci shaidar banki suke nema, kuma in kuɗi ya ɓace a hannun wakilin da ba a taɓa gani ba, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Bugu da ƙari, ɗalibin da ya bari baƙon kuɗi ke bi ta asusunsa a ƙasar wani domin ɗan lada, yana iya wayar gari an rufe asusun, ko ma ya tsinci kansa gaban hukuma. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba kafa. Manyan kuɗi irin na makaranta da haya su bi ta banki kai tsaye zuwa asusun jami'a. Kuɗin cefane kuwa a gwada hanya biyu ko uku masu lasisi, a yi wa kowacce tambaya guda: Naira nawa za ta fita daga gida, nawa kuma zai shiga hannun yaro a kuɗin can? Amsar wannan tambaya ta tattara lada da ratar canji wuri ɗaya, ba sauran abin ɓoyewa.

Abin yi

Rigakafi ya fi magani. Kafin yaro ya tashi, a tabbata yana da lambar BVN da asusun Naira mai aiki ta wayar hannu, a buɗe asusun dala in hali ya yi, a kuma riƙe layin wayar da banki ke tura saƙo a kai. Da ya sauka ya buɗe asusu a ƙasar da yake. Wanda ya riga ya yi nisa, tun Mayun 2025 akwai tsarin NRBVN da ke ba ɗan Nijeriya mazaunin waje damar samun lambar ba tare da ya dawo gida ba. Iyaye kuwa, in an sayar da amfanin gona, gara a biya kuɗin makaranta na shekara gaba ɗaya da a ajiye Naira ana jiran wa'adi.

Hukumomi ma da nasu nauyin. Gwamnatin Jihar Kano ta farfaɗo da tura ɗalibai karatu Indiya da Uganda a 2023. Duk hukumar da ta ɗauki irin wannan alkawari ya kamata ta yi kasafinsa da kuɗin da makarantun ke karɓa, ta kuma biya a kan kari, domin jinkiri ma nau'in tsada ne. Bankuna kuma su matsa ƙaimi wajen amfani da tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Akkara a Janairun 2022, wanda manufarsa ita ce ƙasashen Afirka su riƙa biyan juna da kuɗaɗensu ba sai an ratsa ta dala ba.

Babban aikin dai na malamin lissafi ne. Babin kashi cikin ɗari da babin riba da faɗuwa suna nan cikin manhaja. Abin da ya rage shi ne a ɗauko misali daga rayuwa: a rubuta farashi biyu a allo, a sa ɗalibai su gano wanda ya fi araha, su kai amsar gida. Yaron Fammar da ya iya wannan tun yana aji uku zai tsare wa mahaifinsa buhun da ke salwanta a hanya, tun kafin shi kansa ya mallaki fasfo.