Zogalen Jiratawa ma ya cancanci suna

Mai shayin unguwarmu a Maraɗi Nescafé yake kaɗa mana, ba mai tambayar gonar da ta fito. A Habasha kuwa, sunan Yirgacheffe da Sidamo ne ke ɗaga kuɗin gahawar ƙananan manoman tsaunuka. A 2007 har kamfanin gahawa na Starbucks sai da ya amince sunayen na Habasha ne.

Gahawa ba ta yi a ƙasarmu, amma zogale fa? Daga Jiratawa da Tibiri buhu-buhu ake lodawa zuwa Yamai, babu tambari, babu sunan gari, dillali ke yanka farashi. Wannan sakaci ne, a ganina. Albasar Galmi ta samu rajistar sunanta a OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka. Ƙungiyoyin manomanmu su nemi tasu, su fara da shanya ganye a inuwa bisa tabarma mai tsabta.